Laba, oza da kilo: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi a Yamai

A Nijar da kilo muke awo, da shi aka koyar da mu a makaranta, da shi mahauci yake yanka, da shi ake cika tukunyar gas. Duk da haka laba da oza ba su rabu da mu ba. Suna jikin kwantena, suna kan kwalbar turare da gwangwanin madara, suna cikin saƙon 'yan'uwa mazauna Amurka, suna cikin labaran farashin zinariya da yuraniyom. Lissafinsu ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi. Inda mutane ke asara shi ne rashin tambaya tun farko: wace ozar, wane tan ɗin? Suna ɗaya ne a kan awo daban-daban, kuma mai sayarwa ba kullum yake faɗa ba.

A duk shafin nan ɗigo yana raba cikakken lamba da gutsurensa (2.5 biyu da rabi ke nan), waƙafi kuma yana raba dubbai (2,500 dubu biyu da ɗari biyar). Dalilin wannan gargaɗi yana ƙasa.

Oza nawa ce laba ɗaya, kuma kilo nawa ke nan?

Laba ɗaya oza 16 ce. Alamar laba lb, ko lbs idan da yawa, alamar oza kuma oz.

Laba 1 = giram 453.59, wato kilo 0.454
Oza 1 = giram 28.35
Kilo 1 = laba 2.2046, wato laba 2 da oza 3 da 'yan kai
Kilo 1 = oza 35.27
Giram 100 = oza 3.53

Cikakken adadin laba shi ne kilo 0.45359237, ba daɗi ba ragi. A 1959 ne Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu suka amince da wannan lamba, domin kafin nan labar Amurka da ta Ingila suna da ɗan bambanci da sai ma'aunin ɗakin bincike ke iya gani. Ma'ana, yau laba kanta a kan kilo ta jingina.

Yaya zan mayar da laba oza, ko oza laba?

Daga laba zuwa oza ka ninka sau 16. Daga oza zuwa laba ka raba gida 16, abin da ya yi saura shi ne ozar da ke biye. Kwali mai oza 100: 16 sau 6 ya ba da 96, saura 4, laba 6 da oza 4 ke nan.

Idan kuma an haɗa maka su biyu, misali laba 5 da oza 12, kana son kilo, mayar da duka oza tukuna. 5 sau 16, 80, haɗa da 12, oza 92. Ninka da 28.35, ka sami giram 2,608, kilo biyu da giram ɗari shida da ɗoriya.

Laba 7.5 ai laba 7 da oza 5 ce ko?

A'a. Nan ne aka fi tuntuɓe, har masu digiri. Kanmu ya saba da goma-goma: rabin kilo giram 500, kwata 250, komai yana tafiya daidai da ɗigo. Laba ba haka take ba, gida 16 aka raba ta, saboda haka rabinta oza 8. Laba 7.5 laba 7 ce da oza 8. Laba 7 da oza 5 kuwa, idan za a rubuta ta da ɗigo, 7.31 ce. Tsakaninsu oza 3, giram 85. A buhun gero wannan ba abin magana ba ne, amma a jaririn da ake bibiyar nauyinsa mako-mako, ko a kayan da ake biya giram-giram, abin magana ne.

Hanyar ita ce ka ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka sau 16. 0.25 oza 4, 0.5 oza 8, 0.75 oza 12. Wasu sikelin lantarki suna nuna 7:08 ko 7 lb 8 oz, wasu suna nuna 7.50. Duba ɗan rubutun da ke gefen lambar kafin ka rubuta a littafi.

Ba ni da na'urar lissafi a hannu. Akwai dabarar yi da ka?

Akwai, kuma ta wadatar a ciniki na yau da kullum. Daga laba zuwa kilo: raba biyu, sannan ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu. Laba 180, rabinta 90, cire 9, saura 81. Ainihin amsar 81.6 ce, ka ga ba ka yi nisa ba. Daga kilo zuwa laba: ninka biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma. Kilo 70, sau biyu 140, ƙara 14, laba 154.

Oza kuma ka riƙe ta giram 28, ko 30 idan girki ne. Ban da zinariya da magani. A waɗannan biyun a fito da waya a buga lambar cikakkiya.

Takardar kaya ta ce 1,500 lb. Laba ɗaya da rabi?

Laba dubu ɗaya da ɗari biyar, Alhaji, kilo 680. Mu da muka yi karatu da Faransanci, waƙafi ne ke raba mana lamba da gutsurensa: 1,5 ɗaya da rabi. Amurkawa da Ingilishi, da maƙwabtanmu na Najeriya da Gana, ɗigo suke sawa a wurin, waƙafi kuma su raba dubbai da shi. Takarda ɗaya, mutum biyu su karanta, ɗaya ya ga kayan da yaro zai ɗauka a hannu, ɗaya ya ga kayan da sai an kira a-kori-kura.

Alamar ganewa: idan lamba uku cif suka biyo bayan waƙafi a takardar Turancin Ingilishi, dubbai ne. Wayoyi ma suna da wannan rikici. Wadda aka saita da Faransanci, na'urar lissafinta waƙafi take nunawa, shafin intanet na Amurka kuma ɗigo yake jira, wani lokaci ya watsar da waƙafin naka ya karanta 2,5 a matsayin 25.

Diyata ta haihu a Amurka, an ce jaririn 7 lb 8 oz. Ƙarami ne ko babba?

Barka, Hajiya, Allah ya raya. Kilo 3.4 ne, nauyi mai kyau. 7 sau 16 da ƙarin 8, oza 120, sau 28.35, giram 3,402. 'Yan Nijar na Girinsboro da Niyok haka za su riƙa aiko muku da labari, domin haka ake faɗa musu a asibitocin can. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa jariri mai ƙarancin nauyi ita ce ƙasa da kilo 2.5, wato kimanin laba 5 da oza 8. Duk wanda ya haura wannan ya tsallake layin. Laba 6 kilo 2.7, laba 8 kilo 3.6, laba 9 kuma kusan kilo 4.1.

An kawo mana maganin yara daga waje, jadawalin jikin kwalin da lb yake. Yaya zan yi?

Kada a ba yaro sai an nuna wa likita ko mai kantin magani. Haɗarin a fili yake. An auna ɗanka a asibiti kilo 10, wato laba 22. Idan lambar 22 ta shiga kunnen wani ya ɗauka kilo ce, zai auna wa yaron maganin da ya ninka nasa sau biyu da ɗoriya. Idan kuma ka nemi layin 10 a jadawalin laba, ka ba shi ƙasa da rabin abin da yake buƙata, zazzaɓi ya ƙi sauka a ce maganin jabu ne. Ga iyalan da ke zuwa hutu daga Amurka da yara: idan ma'aikacin lafiya ya tambayi nauyin yaro, kada a faɗi lamba tsurarta. A ɗora shi kan sikelin asibitin kawai, an huta.

Jakar jirgi: kilo 23 ko laba 50, wanne ya fi?

Kilo 23 ya ɗan fi. Laba 50 kilo 22.68 ce, kilo 23 kuma laba 50.7. Bambancin giram 320 ne, kamar ƙullin yaji ɗaya, amma yana iya sa a buɗe jaka a gaban jama'a. Wanda ya tashi daga filin jirgin Diori Hamani da kilo 23 daidai, idan zai sake auna kaya a wani filin jirgi na cikin Amurka inda sikeli ke nuna laba, ya haura 50. Gara a tsaya a kilo 22 da rabi. Babbar jaka kuwa, laba 70 ita ce kilo 32 da ake faɗa (31.75 idan an bi ta da kyau).

Ozar da ake faɗa a farashin zinariya, ita ce wannan ta giram 28.35?

Ba ita ba ce, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace tsada a shafin nan. Zinariya da azurfa suna da ozarsu daban, ana ce mata troy, alamarta ozt ko oz t, sau da yawa ma oz kawai ake rubutawa a bar mai karatu ya gane. Nauyinta giram 31.1035. Duk farashin da ka ji a rediyo ko ka gani a waya, "oza ɗaya dalar Amurka kaza", wannan ozar ake nufi. Kilo ɗaya na zinariya oza 32.15 ne. Manyan sandunan da bankunan ƙasashe ke ajiyewa kimanin oza 400 ne kowanne, kilo 12 da rabi ba kaɗan.

Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, ga ta Cibarakaten, ga tsohuwar mahaƙar Komabangu, samari da yawa sun koyi duba farashin duniya a waya kafin su je wurin mai saye. Abu ne mai kyau, in dai an raba da lambar da ta dace. Bari mu yi misali, lambobin na misali ne kawai. A ce oza tana dalar Amurka 3,000, a ce dalar Amurka ɗaya sefa 600. Raba 3,000 da 31.1035, giram ɗaya dalar Amurka 96.45, sau 600, sefa 57,870. Wanda ya raba da 28.35 zai sami sefa 63,490. Jikka biyar da rabi da ɗoriya ke nan a kowane giram, kuɗin da babu su a ko'ina. Mai sayarwa ya zo da wannan lamba a kansa, mai saye ya taya ƙasa da haka, a hau rantse-rantse ana zargin cuta, alhali sikeli lafiya lau, rabawar ce ta karkace.

Sannan farashin duniya na tatacciyar zinariya ne, karat 24. Karat 22 kashi 91.7 cikin ɗari ne zinariya, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kashi 75. A misalinmu giram na karat 22 zai kama sefa 53,000, na karat 18 kuma 43,400, kafin a yi maganar kuɗin ƙira idan sarƙa ce ko awarwaro, ko ribar mai saye idan ɗanya ce daga daji. Hajiya mai sayar da tsofaffin 'yan kunne kada ta sa ran kuɗin ƙirar da ta biya za su dawo. Nauyi da karat kaɗai ake saye.

To tola fa, da ake ji wurin masu zuwa Dubai?

Awon Indiya ne da ya bazu zuwa ƙasashen Larabawa na gaɓar teku. Tola ɗaya giram 11.66, wato kashi uku cikin takwas na ozar zinariya. Ƙaramin sandan nan na tola goma giram 116.6 ne. Masu turaren oud ma da tola suke sayarwa, shi ya sa za ka ga 'yan kwalabe na tola ɗaya, rabi da kwata.

Nisabin zakkar zinariya oza nawa ne?

Nisabi dinari ashirin ne, wanda malamai da yawa na wannan zamani suka ƙiyasta giram 85, a kan misƙali ɗaya giram 4.25. A ozar zinariya 2.73 ke nan. Na azurfa dirhami ɗari biyu, giram 595, oza 19.13. Idan kana son sanin kuɗinsa yau, ninka farashin oza da 2.73, ka mayar sefa. Hukuncin abin da ya hau kanka da abin da bai hau ba, wannan na malaminka ne.

Da gaske ne laba ɗaya ta auduga ta fi laba ɗaya ta zinariya nauyi?

Kacici-kacicin tsoho ne, kuma amsar e ce. Labar troy oza 12 ce kawai, giram 373.24, ta auduga kuwa 453.59. Amma a oza zinariya ce ke gaba, 31.10 a kan 28.35. Ba wanda ke ciniki da labar troy yanzu, Birtaniya ta soke ta tun dokar awo ta 1878. Ozarta ce ta rayu.

Kwalbar turare ta ce 3.4 fl oz. Nauyinta ke nan?

A'a, wannan oza ta uku ce, ozar ruwa, kuma ba nauyi take aunawa ba, yawan abin da ke cikin kwalba take faɗa, kamar lita. Ta Amurka mililita 29.57, ta Ingila 28.41. Saboda haka 3.4 fl oz ita ce kwalbar mililita 100, 1.7 ta 50, 1 fl oz kuma ta 30. Gwangwanin lemo na Amurka 12 fl oz ne, mililita 355, ya ɗan fi namu na santilita 33.

A ruwa zalla ozar ruwa da ozar nauyi sun kusa zuwa ɗaya, shi ya sa mutane ke haɗa su. A zuma ko mai sai su rabu. Litar zuma ta kai kilo 1.4, litar man gyaɗa ba ta cika kilo ba, kimanin giram 920 ce. Zuma mai cika 8 fl oz, idan aka ɗora ta a sikeli, kusan oza 12 za ta nuna. In ka ga NET WT kafin lamba, nauyin abin da ke ciki ake nufi ban da mazubi. In ka ga fl, yawa ne.

Me ya sa gwangwanaye ke zuwa da lambobi marasa kan gado, 397 g, 454 g, 227 g?

Ɗauki gwangwanin madara mai kauri, irin wadda mai shayi ke hudawa gefe biyu da wuƙa, ka juya bayansa. Sau da yawa za ka ga 397 g. Ba wanda ya zauna ya zaɓi 397, oza 14 ce aka mayar giram. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa mai 170 g oza 6 ne. 227 g rabin laba, 340 g oza 12, 454 g laba guda, 907 g laba biyu. An ƙera mazuban ne da awon Ingilishi, aka sauya rubutu aka bar gwangwanin yadda yake. Dilar gwanjo mai kilo 45 ma haka ne, laba 100 ce.

Amfanin sanin wannan a kanti: kwalin da ke kama da na rabin kilo, idan 454 g ne, ya gaza da giram 46, kusan kashi ɗaya cikin goma. A kwatanta farashi da giram, kada a bi girman kwali.

An ba ni farashi a kan laba. Yaya zan san farashin kilo?

Ninka da 2.2, kada ka raba. Kilo ya fi laba nauyi, dole ya fi ta tsada. Kayan da ake sayarwa dalar Amurka 4 kowace laba, kilonsa 8.82 ne, a canjin 600 sefa 5,290. Mutane sukan riƙe "laba zuwa kilo, a raba" su kawo shi nan, su sami 1.8, su ga kamar sun tsinci dami a kala. Nauyi ake rabawa, farashi ninkawa ake yi.

Farashin yuraniyom da ake faɗa a labarai, me ya sa a laba?

Kasuwar duniya da dalar Amurka a kan laba take faɗar farashinsa, kuma ba labar ƙarfen zalla ba, labar garin da masana'anta ke fitarwa bayan an tace dutse, wanda ake rubutawa U3O8. A nan gida kuwa, abin da ake haƙowa a Arlit da tan na yuraniyom ake ƙidaya shi, farashinsa kuma da sefa a kan kilo. Saboda haka mataki biyu ne. Na farko kilo laba 2.2046 ne. Na biyu, yuraniyom kashi 84.8 cikin ɗari ne na wannan garin. Haɗa su, kilo ɗaya na yuraniyom yana daidai da laba 2.6 ta garin.

A ce an sanar da dalar Amurka 80 a laba. Sau 2.6, 208 a kilo, a canjin 600 sefa 124,800. Da wannan lambar ake kwatanta abin da ƙasa ke samu. Na sha jin muhawara a fada ana ɗora farashin laba kai tsaye kusa da farashin kilo, kowa na ɗaga murya, alhali ba awo ɗaya suke riƙe da shi ba. Farashin ya haura dalar Amurka 130 a laba a tsakiyar 2007, ya faɗi ƙasa sosai bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011, ya sake haura 100 a farkon 2024. Amma wannan farashin sayen nan take ne, yawancin yuraniyom kuwa ta kwangilar shekaru ake sayar da shi, da farashin da aka daidaita daban. Auduga, sukari da gahawa ma a kasuwar Niyok da laba ake faɗar farashinsu, da santin dalar Amurka.

Tan ɗaya ba kilo 1,000 ba ne a ko'ina?

Tan uku ne a duniya. Namu kilo 1,000, laba 2,204.6. Na Amurka, gajeren tan, laba 2,000, kilo 907.2. Tsohon na Ingila, dogon tan, laba 2,240, kilo 1,016. Ɗan kasuwar da ya yi odar tan 30 daga Amurka bai tantance ba, idan gajere aka auna masa, kilo 27,216 zai sauka, ya rasa kilo 2,784, sama da buhu 55 masu kilo hamsin. A takardar ciniki a nemi a rubuta MT, wato tan namu mai kilo 1,000, ko a rubuta kilo ƙarara.

Dogon tan kuwa yana nan a gabanmu kullum. Duk kwantenar da ka gani, ko a kan tirela daga tashar ruwa, ko wadda aka mayar shago a bakin Katako, duba ƙofarta. A yawancinsu za ka ga MAX GROSS 30,480 KG, a ƙasa 67,200 LB. Raba 67,200 da 2,240, ka sami 30 cif. Layin TARE nauyin kwantenar ce ba kaya, layin NET ko PAYLOAD kuma iyakar kayan da za ta ɗauka.

Akwai kuma cwt, da ake gani a farashin shanu da shinkafa na Amurka. A can laba 100 ce, kilo 45.36. A Ingila laba 112, kilo 50.8.

Ɗan'uwana na Ingila ya ce nauyinsa 11 st 4 lb. Mene ne st?

Awo ne na laba 14, kilo 6.35, Ingilishi da mutanen Ayalan suna faɗar nauyin jikin mutum da shi. 11 sau 14, 154, da 4, laba 158, kilo 71.7. Amurkawa ba sa amfani da shi.

Wasan dambe na Turawa ya gaji irin waɗannan lambobi. Issaka Dabore, wanda ya ciyo wa Nijar lambar Olamfik ta farko, ta tagulla, a Munik a 1972, a rukunin kilo 63.5 ya yi wasa. Me ya kawo rabin kilo a ƙarshe? Laba 140 ce, st 10 daidai. Tekwando kuwa bai bi ta wannan hanya ba, shi ya sa azurfar Abdoulrazak Issoufou Alfaga ta Riyo a 2016 a rukunin sama da kilo 80 take, lamba mai kan gado. Safar dambe ma da oza ake kiranta, 10, 12, 16.

Laba da fam abu ɗaya ne?

A Turanci kalma ɗaya ce ta nauyi da ta kuɗin Ingila, shi ya sa wasu masu fassara labarai ke rubuta "fam" a wurin nauyi. A Hausa fam kuɗi ne, laba nauyi. Tsofaffi a Najeriya har yau suna ce wa naira biyu fam guda, domin haka aka canza a 1973. In ka karanta "fam 50 na nama", duba ko sikeli ake nufi ko aljihu.

Littafin girki na Faransanci ya ce une livre. 454 ko 500?

Idan daga Faransa ne, giram 500. Faransawa sun bar tsohuwar labarsu ta giram 489.5, suka riƙe sunan suna kiran rabin kilo da shi a kasuwa. Idan marubuciyar 'yar Kanada ce, 454 take nufi. A miya ba za a ji bambanci ba, a kek za a iya ji. Girkin Amurka kuma da kofi yake awo, wanda yawa ne, mililita 237: kofin fulawa kimanin giram 120 zuwa 125, kofin sukari kimanin 200. Sandan bota ɗaya nasu oza 4 ne, giram 113.

Tiya laba nawa ce?

Tiya kwano ce, abin da ya cika ta take aunawa, saboda haka nauyinta yana bin abin da aka zuba da kuma hannun mai awo. Tiyar hatsi ana lissafa ta kimanin kilo biyu da rabi, laba biyar da rabi ke nan, tiya arba'in a buhu mai kilo ɗari. Tiyar gyaɗa mai ɓawo ko ta busasshen barkono ba za ta je ko kusa ba. Ga kwanon wani ya lotsa, na wani an bubbuga gindinsa, wani yana tozo, wani yana shafewa. Buhun albasar Galmi shi ma haka ne, suna ɗaya, cika daban. Wanda zai yi ciniki da mai saye na waje, ya ɗora a sikeli ya faɗi kilo, shi can ya mayar laba da kansa.

Motar da na sayo 'yar Amurka ce, an rubuta 35 PSI a ƙofa. Mai faci kuma "kilo" yake tambaya.

Wannan ma laba ce, ƙarfin iska a kan kowane inci murabba'i. Abin da mai faci ke kira kilo shi ne bar, ko abin da ya yi kusa da shi ƙwarai. Bar ɗaya PSI 14.5. Saboda haka 35 PSI bar 2.4 ne, 32 kuma 2.2. A wannan takardar ta jikin ƙofa akwai iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, da kilo da laba gefe da gefe. Karanta na kilo.

An taɓa yin babban haɗari saboda wannan rikici, ko tsoratarwa ce kawai?

An yi. Ranar 23 ga Yuli 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Mantiriyal zai je Edmanton. Ma'aunin mansa ya sami matsala, sai aka yi lissafi da hannu. Kanada a lokacin tana tsakiyar sauya awo, sabon jirgin da kilo yake aiki, ma'aikata kuma suka yi amfani da lambar laba. Ana buƙatar kilo 22,300 na mai, jirgin ya tashi da laba 22,300, ƙasa da rabi. Injinan biyu suka mutu a sama. Matuƙin ya lallaɓa da shi ba inji har ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, mutum 69 da ke ciki duka suka tsira.

Sikelina na lantarki ya fara nuna lambar da ta ninka ta da. Ya lalace?

Da wuya. Mai yiwuwa yaro ya taɓa maɓallin UNIT, ko ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa kusa da batir, ya koma laba. Duba kusurwar gilashin, za ka ga lb a inda kg yake a da. Danna har kg ya dawo. Ƙananan sikelin aljihu na masu zinariya sun fi yawan zaɓi: g, oz, ozt, dwt, ct, gn, wasu har da tl. A bar shi a kan g. Don gwaji, ɗora mazubi ka danna TARE ya koma sifili, ka zuba ruwa lita ɗaya. Idan ya nuna kilo ɗaya, ko abin da ya kusa ƙwarai, sikelin lafiya yake. Idan ya nuna 2.2, laba yake karantawa.